Mita Bakwai na Gaban Shagon Bang

A Lungun Tawada ba a duba agogo don a san bakwai ta yi, ƙarar ƙofar ƙarfen Bang Chil-seong ake jira. Da ya kashe injin ɗab'insa, ya wanke hannu da kananzir, ya jawo ƙofar nan ta sauko ƙasa da ƙugi, sai Pyo Mal-sun ta soma fito da teburanta na roba tana jerawa a gaban shagonsa. Shekara talatin da ɗaya ke nan haka ake yi, da zafi da ruwa da ƙanƙara, kuma ba a taɓa rubuta ko layi ɗaya a kai ba.

Shagon Mal-sun, in gaskiya za a faɗa, rami ne da aka yi wa ƙofa. Faɗin gabansa mita biyu da 'yar ɗoriya. A ciki akwai murhun gawayi da firji da famfon giya, da wurin da mutum ɗaya zai juya in ba mai jiki ba ne. Abin sayarwarta bai taɓa canzawa ba: busasshen kifi da take bugawa da gudumar katako har ya yi laushi kafin ta gasa, da kwaɓaɓɓen yajin da ita kaɗai ta san haɗinsa, da giya mai sanyi. Gaban shagon Bang kuwa mita bakwai ne cur, tebur goma sha biyu yake ɗauka. Da shi ta riƙe kanta bayan rasuwar mijinta, da shi ta kai 'yarta har jami'a.

Ladan wurin shi ne wanki. Kafin shida na safe ta wanke shi fes da ruwan zafi da buroshi, don motar takarda da wuri take zuwa, kuma Bang ba abin da ya tsana a duniya kamar maiƙo kusa da takardarsa. In ya iso sai ya sunkuya ya shafa siminti da yatsa, ya kai hanci.

"Nunim, yau da ƙafa kika wanke ko da hannu? Ina jin ƙarnin kifi."

"Hancinka ne ya ruɓe, Bang-sajang. Mutumin da ya shekara arba'in yana shaƙar tawada har yana da bakin maganar ƙarni?"

Shekara uku ta ba shi, shi ya sa yake ce mata Nunim kamar kowane ƙane da yayarsa. Ita kuma ta ce masa sajang, don a Seoul kowane mai shago sajang ne, ko da shagon bai fi akurki ba.

Teburan nan dai duk a kan titin gwamnati suke, ba bisa doka ba. Kowa ya sani, har masu dokar, waɗanda sukan zo su zauna a kansu ranar da ba su da aiki. Amma sau uku ko huɗu a shekara wani maƙwabci zai kai ƙara, motar gunduma ta faɗo lungun, a yi ta gudu da kujeru. Wata Juma'a an kwashe wa Mal-sun tebur tara a tashi ɗaya, aka bar mata masu shan giya a tsaye, kowa da kofinsa a hannu yana kallonta. A wani gudun ta zame a kan ƙanƙara, gwiwarta ta hagu ba ta sake komawa daidai ba. Tana da shekara sittin da takwas, kuma ta gaji da gudu. Wannan gajiyar ce ta jawo komai, duk mai son ya zarge ta sai ya fara da sanin haka.

Sai ga gwamnatin birni ta farka wata rana ta gano cewa dare ma yana da kuɗi. Aka fito da shiri na raya kasuwancin dare: duk lungun da ya haɗa kai ya nema, za a ayyana shi unguwar shaƙatawa, a halatta teburan waje, a sa fitilu, a hana mota shiga daga bakwai, a buga sunansa a littafin baƙi masu yawon buɗe ido. Wata jami'ar gunduma mai suna Seok, yarinya mai fara'a da ba ta wuce talatin ba, ta zo da fam ɗin da kanta. Masu shagunan dare goma sha ɗaya suka taru suka zaɓi Mal-sun shugaba, don ta fi kowa daɗewa kuma ta fi kowa baki. Sharaɗi ɗaya ne mai wuya: sai kowane mai gini a lungun ya buga hatiminsa a takardar.

Cikin wata biyu ta samo hatimi takwas cikin tara, tana ɗingishi daga wannan unguwa zuwa waccan a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Na taran shi ne na mai gininsu ita da Bang, wani likitan haƙori mai suna Yeom, wanda ya gaji ginin daga ubansa, yana zaune can tsallaken kogi. Sau uku ta je, sau uku ya sallame ta.

To akwai wani abu da duk ɗan lungun ya sani ba tare da an koya masa ba. Mai gini da rana yake zuwa. In zai zo, a ce masa sha ɗaya na safe ya fi, a ba shi kofi a kofin takarda, ya ga duhu da ƙurar takarda da tsofaffi masu tari, ƙarar inji ta cika masa kunne, a raka shi bakin titi kafin huɗu. Ya tafi yana godiya da ma akwai masu biyan haya a wannan kango. Haka aka yi wa tsohon Yeom har ya mutu, bai taɓa ganin lungun da fitila a kunne ba.

Ranar da Mal-sun ta faɗi abin da take shirin yi, Bang yana cin shinkafarsa a kan tarin takardu. Ya ajiye tsinkayen cin abincin.

"Ki koma asibitinsa. Ki yi masa kuka, ki kai masa kifi, ki buɗe baki ya cire miki haƙori biyu in shi yake so. Amma kada ki kawo shi nan bayan bakwai."

"Cewa yake lungun ya mutu, ba zai ɓata hatiminsa a kan gawa ba."

"To ki bar shi da gawarsa mana. Gawar nan ce take rufa mana asiri."

"Kai ba ka taɓa gudu da tebur a ka ba, shi ya sa."

"Ni kuma na taɓa ganin idon mai gini in ya ga taro. Nunim, tun da aka naɗa ki shugaba kunnenki ya toshe."

Ta ji haushin wannan magana ƙwarai, musamman da yake akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ta kwashe kwanukan ta fita. A ranta kuwa cewa take, mutumin da ya yi karatun likita ai ba ɗan kasuwa ba ne, in ya ga yadda jama'a ke son wurin zai ji kunya ya sa hatimi, shi ke nan.

Ta gayyato shi wata Juma'a cikin Oktoba, lokacin da iska ta yi daɗi, ma'aikatan ofis suka cika lungun har ba wurin sa ƙafa. Ta ajiye masa tebur mafi kyau, a tsakiyar ƙofar Bang, ta gasa masa kifi da hannunta. Likita Yeom ya zauna da tsadadden kwat ɗinsa, bai taɓa kifin ba. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya dubi layin samari da 'yan mata da ke tsaye suna jiran wani ya tashi.

"Kullum haka ne?"

"Wannan ai kaɗan ka gani, Likita. Ka zo da bazara!"

"Nan duk gaban shagon tsohon nan ne mai ɗab'i?"

"Nasa ne."

"Me kike ba shi?"

"Ba na ba shi komai. Wanke masa nake yi da safe."

Ya yi dariya har da dafa tebur, ita ma ta taya shi don ta ɗauka yabo ne. Ya fito da hatiminsa daga aljihun ciki, ya buga a takardar ba tare da ya karanta ba. Da zai tafi sai ya kara waya a kunne kamar mai magana, ya taka daga wannan gefen ƙofar Bang zuwa wancan a hankali, leɓɓansa na motsi. Mal-sun ta gan shi. Ƙirga taku yake yi. Amma takardar na hannunta da hatimi tara, masu shaguna na tafa mata, sai ta haɗiye abin ta ci gaba da aiki.

Amincewar gwamnati ta zo cikin Nuwamba. Za a buɗe unguwar a hukumance a watan Afrilu, kafin nan a shata wa kowa wurinsa. Jami'a Seok ta zo da maza biyu da abin awo da bokitin fenti rawaya. Suka auna gaban shagon Mal-sun daga bango zuwa bango, suka zana akwati a ƙasa, suka wuce ƙofar Bang ko kallonta ba su yi ba.

"'Yar nan, kun tsallake wuri."

"A'a, Shugaba. Nan maɗaba'a ce. Shago mai lasisin abinci kaɗai ke da akwati, kuma daidai faɗin gabansa. Yana sashe na huɗu."

"Ai ni nake amfani da shi. Shekara talatin da ɗaya. Bang-sajang, fito ka gaya mata!"

Bang ya leƙo yana goge hannu da tsumma. "Nata ne daga bakwai. Kawo in sa hannu."

"Ba a ba da aro, Kawu. In muka bari aka yi aro, gobe masu kuɗi za su saye gaban kowa. Don kare ƙananan shaguna aka sa dokar." Da zuciya ɗaya ta faɗa, kuma ta yarda da abin da take faɗa, wannan ne abin takaicin. "Daga Afrilu akwai kyamara. In aka kama tebur a wajen layi sau uku, lungun gaba ɗaya ne zai rasa izininsa."

Mal-sun ta karanta sashe na huɗun nan tun farko, kada a ce an ɓoye mata. Ta karanta ta wuce, don a tunaninta abin da aka shekara talatin ana yi ya riga ya fi ƙarfin takarda. Ta tsaya tana kallon akwatin. Tebur uku zai ɗauka, in an matsa.

Bang ya zagaya shi, ya tsaya a kai. "Nunim, sun auna miki kabari tun kina da rai. Kwanta mu gani ko ya yi miki."

Ba ta yi dariya ba. Shi ma da ya dubi fuskarta sai ya koma ciki.

Da can in motar gunduma ta zo, duk lungun ne ke taya ta ɓoye kujeru. Yanzu da izinin ya zama na kowa, sai ga mai naman gashi na gaba da ita yana ce mata, cikin ladabi, yana fata Shugaba za ta zama ta farko wajen bin layi. Ta koma ofishin gunduma har sau biyu tana neman mafita. A zuwa na biyu ta tambaya ko akwai wani tanadi ga masu ɗab'in lungun, tunda su ne asalinsa.

"Shirinmu na dare ne, Shugaba," in ji Seok. "Masu sana'ar rana wani sashe ne, a hawa na huɗu. Amma gaskiya ban ji suna da wani abu bana ba."

Tsakiyar Disamba Likita Yeom ya kira ta asibitinsa. Ya karɓe ta a ɗan ofishinsa, takunkumin fuska a ƙarƙashin haɓa, ana jin kukan injin haƙori ta bango. Bai yi dogon zance ba. Hayar Bang za ta ƙare ƙarshen Maris, ba zai sabunta ba, kuma doka ba ta tilasta shi ga ɗan hayar da ya wuce shekara goma. Wani kamfanin gidajen giya mai rassa arba'in yana son shagunan biyu a haɗe, nata da na Bang, a fasa bangon tsakiya.

"Amma ni ba butulu ba ne, ke kika buɗe mini ido. Na ba ki zaɓi na farko. Ki karɓi shagonsa ki haɗa da naki, gwamnati ma na tallafa wa tsofaffin shaguna irin naku su faɗaɗa. Mita tara a gabanki, bisa doka."

"Shi kuma fa?"

"Shekararsa sittin da biyar, ya huta mana."

"Injin nan tan huɗu ne, Likita. Sai da aka shigar da shi sannan aka gina bangon gaba. Babu inda zai je sai an yanka shi."

"Akwai masu sayen ƙarfe."

Ta roƙe shi. Mal-sun da ba ta taɓa roƙon ɗan sanda ba, ta roƙi yaron da ta sani tun yana zuwa lungun riƙe da hannun ubansa. Ta ce a bar wa Bang rabin baya, ita ta karɓi gaba. Ya ce ba a ba da lasisin abinci a ɗaki ɗaya da tawada da kananzir, ita ma ta sani. Ta ce a ƙara masa shekara biyu. Ya duba agogo.

"Inna, ki gane. Shi ya riga ya tafi, ko kin karɓa ko ba ki karɓa ba. Tambayar ita ce ko ke ma za ki bi shi. Ina jira zuwa Juma'a."

Kwana huɗu ba ta yi barcin kirki ba. Ta juya maganar ta kowane gefe, kuma ta kowane gefe Likita ne da gaskiya: ƙin karɓarta ba zai ƙara wa Bang ko yini ɗaya ba. Ta sani. Ta kuma san wani abu da ya fi wannan ci mata rai, wato can ƙasan zuciyarta tana son mita taran nan, tana son ta ga teburanta a jere ba mai korarta. Ranar Juma'a ta haye kogi ta buga hatiminta.

"Kada ki damu da gaya masa," in ji Likita yana naɗe takardar. "Zan aika masa wasiƙa bayan bikin Sabuwar Shekararmu ta lissafin wata. A bar dattijo ya ci bikinsa cikin kwanciyar hankali."

Ta riƙe wannan kamar wani alheri aka yi. Ta ce wa kanta za ta gaya masa da bakinta kafin wasiƙar, gobe, in ya gama aikin buga kalandu, in sanyi ya ragu. A farkon Janairu gunduma ta nemi kowane shago ya cike fam na wurin da zai riƙe a Afrilu, wanda bai cike ba ya rasa akwatinsa na shekarar. Ta cike, ta haɗa da kwafin sabuwar yarjejeniyar, ta miƙa wa Seok a ambulan rufe.

Tun daga nan ta shiga yi wa Bang hidimar da ta wuce hankali. Ta wanke ƙofar shagonsa sau biyu a rana. Ta soma kai masa miyar haƙarƙarin sa da rana, abin da sai ranar haihuwarsa take yi.

"Nunim, ko likita ya gaya miki zan mutu ne ni ba a gaya mini ba?"

"Ci ka yi shiru. Ka rame kamar kifin da nake bugawa."

"In neman aure ne ki fito fili. Amma ki sani ina minshari."

Wata Laraba ta shiga da niyyar faɗa, har ta haddace yadda za ta fara. Ta same shi kwance a ƙarƙashin injin da fitila a baki, akwatuna biyu a buɗe a gefe. Ya turo kansa waje yana haki, fuskarsa duk baƙin mai, yana murmushi kamar yaro.

"Zo ki gani. Sababbin robobin naɗa tawada, daga Jamus. Wata huɗu ina jira. Ɗana yana ta faɗa daga Busan wai ɓarnar kuɗi ce. Na ce masa tsohuwar na'urar nan da robobin nan za ta ƙara shekara goma, sai dai ni in riga ta." Ya shafa gefen injin. "Me ya kawo ki?"

"Kwanukana na zo ɗauka."

Ta fita da kwanuka, ta shiga raminta ta rufe ƙofa, ta zauna a kan akwatin giya ta yi kuka. Ta ji kunyar kanta irin wadda ba ta taɓa ji ba, amma kunyar ba ta tashe ta ta koma ba.

Saura kwana biyar bikin Sabuwar Shekarar, da misalin huɗu na yamma, tana tsaye tana bugun kifi sai ga Bang a ƙofarta. Ya wanke hannu, ya sa tabarau, yana riƙe da babbar takarda ɗaya a shimfiɗe a tafukansa biyu, jan fensir a bayan kunne.

"Share teburin nan, Shugaba. Aiki na kawo."

Ta share. Ya shimfiɗa takardar. Taswirar lungun ce mai launi, da fitilu da zanen mutane suna dariya, a sama an rubuta da manyan baƙaƙe: Lungun Tawada, Inda Dare Ke Farawa.

"Yarinyar nan Seok ce ta kawo mini. Wai tunda ba su yi wa masu ɗab'i komai ba, bari ta ba ɗan lungu aikin buga takardar tallan. Yarinyar kirki. Kwafi dubu biyar ne. Ni kuma ba na tayar da inji sai mai aiki ya duba samfur ya buga hatimi, ko da uwata ce. Ke ce shugabar ƙungiya, sai ki duba."

Ta goge hannu a zanin aikinta.

Ya bi da ita layi-layi, yadda yake yi wa kowa. Lambar wayar gunduma daidai ce? Daidai. Lokacin rufe titi, bakwai zuwa sha biyu? Daidai. Ya nuna mata inda suka juya sunan mai naman gashi, ya gyara. Ya nuna mata zanen kifinta.

"Wanda ya zana wannan bai taɓa ganin kifi ba, silifa ya zana. Na ƙara masa ido da wutsiya."

Ta so ta yi dariya, ta kasa. Yatsansa ya gangara gefen dama na taswirar, baƙin tawadar da ba ta fita a bakin farcensa, ya tsaya a lamba goma sha huɗu. An shafe wurin da rawaya daga gefe zuwa gefe. A kai an rubuta: Gidan Kifin Mal-sun, babban zaure, tebur goma sha biyu.

"Sai nan." Ya zaro jan fensirin daga bayan kunne. "Na kira ta na ce, 'yata, kin yi kuskure, sha huɗu maɗaba'a ce, ina tsaye a cikinta ma yanzu haka. Sai ta ce ita abin da ke cikin fam ta kwafa, wai ta ɗauka na sani. Na ce kada ki damu, shekara arba'in ina gyara wa ma'aikatan gwamnati kurakuransu. Bari in je in tambayi Nunim."

Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau. Babu fushi a fuskarsa, da ma akwai da ya fi mata sauƙi. Jira kawai yake yi, bakin fensirin a kan sunanta.

"Kuskure ne, ko?"

"Bang-sajang, Likita ne ya kira ni. Ya ce ko na karɓa ko ban karɓa ba, kamfani zai…"

"Ban tambaye ki Likita ba."

"Na roƙe shi. Na rantse na roƙe shi, har cewa na yi a bar maka baya…"

"Nunim." Ya faɗa a hankali. "Ni mai ɗab'i ne. Abu biyu na sani. In gyara, ko in buga?"

Gawayi na ta ƙara a murhu. Kifin da ta ɗora ya soma ƙonewa, ba wanda ya juya shi.

"Buga," ta ce.

Ya ɗaga bakin fensirin daga kan sunanta. Sannan ya mayar da fensirin bayan kunne.

"Tun yaushe?"

"Tun Disamba."

"Miyar haƙarƙarin ke nan." Ya gyaɗa kai, kamar wanda aka warware wa lissafin da ya daɗe yana damunsa. "Zuwa yaushe nake da shi?"

"Ƙarshen Maris."

"To. Sa hatimi a nan ƙasa, kusa da kwanan wata."

Ta ɗauko hatimin ƙungiya daga aljihun zanin. Ya kai hannu ya danne mata gefen takardar don kada ta goce. Ta buga. Ya sunkuya ya duba ko ya fito sosai, ya hura masa iska sau biyu.

"Chil-seong," ta ce. Ba ta taɓa kiran sunansa ba sai ranar. "Ka zage ni mana. Ka ce wani abu."

"Jibi da safe za ki samu. Ki sa a zo da amalanke, suna da nauyi."

Ya ɗauki samfurin a tafukansa biyu yadda ya shigo da shi, ya juya a ɗan wurin da mutum ɗaya ke juyawa, ya fita yana kaffa-kaffa kada jan hatimin ya shafu. Ta ji takunsa, ta ji ya ja kujera ta bayan bango. Sannan injin ya tashi, sumul, da sababbin robobinsa. Ta tsaya cikin hayaƙin ƙonannen kifi tana saurare, yana buga sunanta a kan shagonsa, ɗaya bayan ɗaya, har dubu biyar.